Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinonin Ilimi na Arewa maso Yamma kan kurakuran Turancin ɗalibanmu

Masu girma Kwamishinonin Ilimi na jihohin Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Kabi da Sakkwato da Zamfara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya tare da iyalanku da abokan aikinku, ina kuma roƙon Allah ya taya ku riƙon wannan nauyi da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin Turanci ne da ya shafe shekara talatin da ɗoriya riƙe da alli a makarantun sakandare na gwamnati, kuma a cikin waɗannan shekaru na daɗe ina cikin waɗanda ake gayyata su duba takardun jarrabawar kammala sakandare. Na ajiye aiki, amma ban rabu da jan biro ba, domin har yau matasan unguwa kan kawo mini wasiƙun neman aiki da na neman gurbin karatu in gyara musu. Ina magana ne da yawun abokan aikina da har yanzu suke cikin aji, waɗanda ƙa'idar aikin gwamnati ta ɗaure musu baki ba za su iya rubuto muku irin wannan wasiƙa a bainar jama'a ba, da kuma yawun iyayen da suke biyan kuɗin jarrabawa sau biyu sau uku saboda darasi guda ɗaya tak.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sanarwar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya yi a watan Nuwamba na 2025, cewa Gwamnatin Tarayya ta soke tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare wanda aka amince da shi a 2022 zamanin tsohon minista Malam Adamu Adamu, kuma Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko. Hujjar da aka kafa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawa. Ba zan ɓoye muku ba, hujjar ba ta gamsar da ni ba, domin yaran da suka zauna jarrabawar kammala sakandare a 2025 sun bar firamare tun kafin a yi zancen tsarin na 2022, ba su taɓa ganin ko da ƙurarsa ba. Sai dai ba wannan muhawarar ce ta kawo ni ba. An riga an yanke hukunci, makarantun kuwa a hannunku suke, ku ne za ku aiwatar. Tun da Turanci ne zai ɗauki dukkan darussa, to duk wata ɓaraka da ke cikin rubutun Turancin yaro za ta bi shi har cikin amsar da zai bayar a darasin tarihi da na kimiyya da na aikin gona. Don haka nake so in gaya muku inda ɗakin yake yoyo, ni da na kwana a cikinsa.

Bari in fara da nuna muku yadda ake asarar maki, domin na lura da yawa daga cikin masu tsara manufa ba su taɓa ganin takardar insha'i bayan ta fito daga hannun mai dubawa ba. A jarrabawar WAEC ana buƙatar ɗalibi ya rubuta insha'i mai kalma kamar 450, kuma maki 50 ke kansa. Goma na abin da ya faɗa ne, goma na yadda ya tsara shi, ashirin na ƙwarewarsa wajen sarrafa harshen, sauran goman kuwa na tsabtar rubutu ne daga kurakuran nahawu da na jeren harrufa da na aya da waƙafi. A wannan kashi na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci, wato kuskure 20 ya isa ya share goman nan kaf. Ɓarnar kuma ba a nan take tsayawa ba, domin takardar da ta cika da jan zagaye ba za ta samu abin kirki a cikin makin nan ashirin na sarrafa harshe ba.

Akwai wata takarda da har yau ban manta da ita ba. Wata yarinya ce ta ba da labarin daren da ambaliya ta shiga gidansu, yadda mahaifiyarta ta ɗora buhun gero a kan gado ta kwantar da jariri a bisa buhun, da yadda ita kuma ta riƙe fitila a ka tana ƙirga ƙannenta cikin duhu. Labari ne mai rai, wanda ya fi ɗaruruwan da na karanta a wannan makon. Amma kafin in kai ƙarshen sakin layi na biyu na riga na zagaye kuskure ashirin, makinta goma ya tafi. Da na gama sai abin ya tsaya mini a rai, na koma na ƙirga. Kurakuran sun haura arba'in, amma da na kasa su gida gida sai na tarar iri biyar ne kacal take ta maimaitawa. Da wani ya zauna da ita ya warware mata waɗannan biyar ɗin, zango ɗaya na karatu ya isa. Ta yi shekara goma sha biyu a makaranta ba wanda ya yi hakan.

Kokena na farko ke nan, kuma shi ne uwar sauran. Ruwa ba ya tsami banza. Kurakuran da yaron da ya tashi da Hausa yake yi a rubutun Turanci ba su da yawa, sanannu ne, ana iya faɗarsu tun kafin ya ɗora biro a takarda, kuma mafi yawansu daga ginin Hausar suke tasowa. Duk da haka, a tsawon aikina ba a taɓa miƙo mini wani littafi daga ma'aikata da ya tattara su ya bayyana asalinsu ba.

Ku dubi aikatau. A Hausa muna cewa na tafi, zan tafi, nakan tafi. Kalmar tafi tana nan yadda take, ɗan lamirin da ke gabanta, wato na ko zan ko nakan, shi ke ɗauke da lokaci da jinsi da adadi. Turanci kuwa a jikin aikatau ɗin yake ɗaura lokaci, ko dai ya liƙa masa wutsiya ko ya sauya masa kama ɗungurungum. Shi ya sa yaronmu yake rubuta "Yesterday we go to the farm" hankalinsa kwance, domin a ganinsa kalmar jiya ta riga ta gama aikin. Shi ya sa kuma harafin s na "she goes" yake ɓacewa a takarda tara cikin goma. Wannan lamirin dai shi ke haifar da wani kuskuren. Bahaushe ba ya cewa Audu zo, sai dai Audu ya zo, don haka idan yaro ya juya zuwa Turanci yakan ji kamar jimlar ta yi giɓi in bai cike gurbin ba, sai ya rubuta "My father he is a farmer". Haka nan ina da, ina so, ina ganewa, duk da siga ɗaya muke faɗarsu da ina gudu, sai ga "I am having two brothers" da "I am understanding" sun fito, alhali Turanci ba ya yarda a sa irin waɗannan aikatau a sigar abin da ake cikin yi.

Sai 'yan ƙananan kalmomin nan na Turanci, "a" da "an" da "the", waɗanda su kaɗai sun isa su cinye makin yaro. Ni ɗalibi ne, in ji Bahaushe, ba ya buƙatar komai a gaban ɗalibi, sai yaro ya rubuta "I am student". Inda kuma muke cewa wani mutum, sai ya rubuta "one man". Abin takaicin shi ne Hausa tana da mabuɗin wannan ƙofa a hannunta. Idan na ce na ga mota, sannan na ce motar ja ce, ɗan harafin r da ya maƙale a karo na biyu yana nuna an riga an san motar da ake magana a kai, kuma kusan wannan shi ne bambancin "a car" da "the car". Na ga ɗaliban aji shida da suka shekara suna haddar ƙa'idar nan da Turanci ba su kama ba, suka gane ta cikin minti goma da wannan misali na mota.

Tilo da jam'i ma haka abin yake, kuma ta fuska biyu yake cizo. Muna cewa shekara goma, buhu biyar, ba tare da mun jam'inta sunan ba, sai a samu "ten year" da "five bag". A ɗaya ɓangaren kuma muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, sai yaro ya ɗauka Turanci ma haka yake, ya rubuta "advices" da "informations" da "equipments" da "furnitures", waɗanda duk kuskure ne. Sannan ga kalmominmu masu faɗin ciki da Turanci ya raba su gida biyu ko uku. Na ari biro, ara mini biro, saiwa ɗaya ce a wurinmu, shi ya sa "borrow me your biro" ta ƙi mutuwa. Na koyi karatu, ya koya mini karatu, sai ga "he learned me". Kalmar ji ta haɗa kunne da hanci da zuciya, sai a rubuta "I hear the smell". Harafin a guda ɗaya namu, na a gida da a kan hanya da a Kano, shi ne Turanci ya yanka uku ya ce "in" da "on" da "at". Ya fi ni tsawo ta zama "he is tall than me", idan kuma aka gyara wa yaro ba tare da bayani ba sai ya zarce ya rubuta "more taller". Idan aka tambayi Bahaushe, ba ka kawo littafin ba, sai ya ce e, yana nufin bai kawo ba, wannan ce ta haifi "Yes, I didn't". Ko ba haka ba kuma, da muke rufe kowace magana da ita, ita ce ta koma "isn't it" a ƙarshen kowace jimla.

Har jeren harrufa bai tsira ba, domin hannu yana rubuta abin da kunne ya ji. Hausa ba ta bambanta p da f, ba ta da v, ba ta kuma da sautin th. Na taɓa karanta wasiƙar wani saurayi da yake neman tallafin karatu, yana so ya ce da mahaifinsa ya dogara, sai ya rubuta "I defend on my father". Harafi ɗaya ne ya juya maganar, "depend" ta koma "defend". Irin wannan ce ke haɗa "best" da "vest", da "think" da "sink".

Ya kamata in faɗi inda Hausa ta yi wa yaranmu rana. Da wuya ka ga sun rikita "he" da "she", domin tun suna goye suke jin ya zo da ta zo, alhali masu harsunan da wakilin sunansu bai raba namiji da mace ba, irin Yarabanci da Ibo, suna fama da wannan. Namu yaran a kan "it" suke tuntuɓe, saboda a wurinmu mota mace ce, gida namiji. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa littafi ɗaya da aka rubuta wa ƙasa baki ɗaya ba zai iya sanin ciwon kowane yanki ba. Akwai kuma kurakuran da ba na Hausa ba ne, gadon Turancin titi ne da na wayar hannu, irin "Am writing" ba tare da I ba, da "discuss about", da "reply me", da rikita "there" da "their" ko "been" da "being". Ba ina cewa duk abin da ɗan Nijeriya ya ƙirƙira kuskure ba ne. A watan Janairu na 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, ciki har da Kannywood da "next tomorrow", wato jibi. Amma ƙamus ya karɓi kalmomi ne, bai yafe wa kowa barin s a kan aikatau ba, mai duba takarda ma ba zai yafe ba.

Koke na biyu shi ne yadda ake ƙwace wa malami makamin da ya fi kowane kaifi. Wata rana a aji ɗaya na ƙaramar sakandare na raba allo biyu, na rubuta Audu ya zo a hagu, na rubuta "Audu came" a dama. Na ja layi daga Audu zuwa Audu, na ja daga zo zuwa "came", sannan na tambaye su ina ya ta tafi. Aji ya yi tsit. Can sai wani ɗan yaro da ke zaune a ƙasa kusa da ƙofa, don benci bai isa ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ta shige cikin came." Ban taɓa jin bayanin lokacin aikatau na Turanci da ya fi wannan ba, har a bakin malamanmu na kwaleji. Ashe wani jami'in duba makarantu yana tsaye a bakin taga. Bayan an tashi aka kira ni ofis, aka ce an ji ina yin banakula, wato Hausa, a darasin Turanci, kada a sake. Ban bari ba, amma na koyi rufe taga.

Ranku ya daɗe, har yau akwai makarantun da monita ke rubuta sunayen masu yin Hausa a ci su tara ko a zane su, kuma ina tsoron sanarwar Nuwamba za ta zama lasisi a hannun masu wannan ra'ayi. Abin da na gani da idona shi ne yaron da aka hana shi harshensa ba Turanci yake yi ba, shiru yake yi. Malamin kuma sai ya karanta ƙa'ida da Turancin da yaro bai iya ba, yaro ya kwafe ta a littafi, a tashi an yi ba a yi ba. Gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma abin da ake yawan mantawa shi ne ƙwararren malami aka ware musu na darasin Turancin. Ni abin da nake nema bai ma kai haka ba.

Na uku, yaranmu ba sa rubutu, kuma ba a iya rubutu sai da rubutu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibi 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare. A shekarata ta ƙarshe a aji ina ɗauke da azuzuwa biyar, kowanne da yara wajen 90, jimilla 450. In na ba da insha'i ɗaya na kuma ba kowane littafi minti biyar kacal, awa 37 da rabi ke nan, kusan makon aiki cur, ban da shiga aji. Wane malami ne zai yi wannan kowane mako? Abin da ke faruwa shi ne a ba da insha'i ɗaya a zango, a yi masa alamar an gani, a mayar. Yaro ya ga jan biro amma bai san laifinsa ba, ba kuma wanda ya sa shi ya sake rubutawa. Shifta, wadda da ita aka gyara mana hannu a zamaninmu, ta ɓace daga yawancin makarantu. A madadinta sai haddar tsofaffin tambayoyi masu zaɓin amsa, tun da jarrabawar JAMB duk zaɓi ce a kwamfuta. Yaro zai iya zaɓo "goes" daga cikin amsa huɗu, amma ka ba shi farar takarda sai ya rubuta "she go". Idan jarrabawa ta ƙarato kuma sai a shirya darasin yamma na mako shida, a nemi a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu ya shafe mu mu malamai, kuma ba zan kare kanmu ba. Malamin firamare mai takardar shaidar malanta ta NCE, wanda shi ke koyar da kowane darasi a ajinsa, daga waɗannan makarantun ya fito, da waɗannan kurakuran ya shiga kwaleji, da su kuma ya dawo ya rubuta a allo. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji, ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba. Kowa ya ji wannan adadi ya san akwai ciwo, sai dai gwaji awo ne, ba magani ba ne, kuma wanda za a ɗauka ya maye gurbi shi ma daga rijiya ɗaya ya sha. Tarurrukan bita da na halarta galibi kwana biyu ne na jawabai da rabon alawus, ban tuna wanda aka ba mu takarda aka ce mu rubuta sakin layi a gyara mana ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Takardun da ke saukowa daga ofisoshi zuwa makarantu su ma ba su tsira ba. Na taɓa soke wa wani yaro kalmar "staffs" a littafinsa, sai ya biyo ni cikin ladabi ya ce, "Malam, haka aka rubuta a allon sanarwa." Na je na duba, ga ta kuwa ɓaro ɓaro, da hatimi da sa hannu, har da "are hereby inform" a layi na gaba. Yaro ya fi gaskata abin da aka buga da na'ura a kan abin da malaminsa ya faɗa da baki. Haka takardun jarrabawar ƙarshen zango suke, a kai su shagon kwamfuta a buga, ba mai sake dubawa, a raba wa yara da kurakurai a cikin tambayar Turancin kanta.

Sakamakon duk wannan ba ɓoyayye ba ne. Babu kwas ɗin da za a shiga a jami'a ba tare da kiredit a Turanci ba, don haka yaro mai kaifin lissafi yakan zauna gida shekara biyu saboda darasi ɗaya, yarinya kuma sau da yawa daga wannan zaman karatun ya ƙare ke nan. A sakamakon WAEC na 2025, ko bayan gyaran da hukumar ta yi wanda ya ɗaga adadin waɗanda suka ci daga kashi 38.32 zuwa 62.96 cikin ɗari, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai ba su haɗa kiredit biyar da Turanci da lissafi a ciki ba. Iyayen da suka gaji da biya sai su kai yaro makarantun da ake rubuta amsa a allo, ya fito da sakamako mai kyau da hannun da ba zai iya rubuta wasiƙa ba. Irin waɗannan ne suke sallama a ƙofar gidana da yamma riƙe da takardar neman aiki, wasu da digirinsu, layin farko kuma "Am writing to apply". Mai ɗaukar ma'aikata ba zai karanta layi na biyu ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo a gare ku.

Ku fitar da sanarwa a rubuce zuwa ga kowane shugaban makaranta da kowane jami'in duba makarantu, mai cewa koyarwa da Turanci ba ta haramta wa malami ya yi bayani da harshen da yaro yake ji ba, musamman a darasin Turancin kansa, kuma an hana cin tara ko duka a kan yin harshen gida. Wannan ba ya buƙatar ko sisin kwabo, sa hannu kawai yake jira.

Ku haɗa kai ku bakwai ku sa a rubuta ɗan ƙaramin littafi, wanda bai wuce shafi hamsin ba, da zai jera waɗannan kurakurai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jimlar Hausar da ta haife shi, da gyararsa, da aikin gwaji, bayanin kuma ya kasance da Hausa da Turanci. Masu aikin suna nan a sassan Turanci da na harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da kwalejojin ilimi na jihohinku, inda kundayen ɗalibai a kan wannan batu suke jibge suna shan ƙura. Amma ku sa malaman aji da masu duba takardu a cikin kwamitin, kada abin ya fito da yaren da sai farfesa zai gane. Kowane malamin firamare da na sakandare ya samu kwafi nasa na kansa. Inda kuma harshen yara ba Hausa ba ne, kamar rugagen Fulani da ƙasar Zuru da kudancin Kaduna, a yi musu irinsa da nasu harshen.

Ku mayar da rubutu wajibi kowane mako, amma ta hanyar da malami zai iya ɗauka. Ba sai insha'i mai kalma 450 ba. Jimla biyar zuwa takwas ta isa, a ware kuskure ɗaya a mako, wannan makon lokacin aikatau, mako mai zuwa "a" da "the", yara su yi musayar littattafai su nemo shi a rubutun juna, malami ya duba kaso ɗaya bi da bi, sannan kowa ya sake rubuta nasa da gyara. A dawo da shifta ta minti goma. Jami'an duba makarantu kuma su daina tsayawa a kan kundin shirin darasi na malami, su buɗe littattafan yara su ga yaushe aka yi rubutu na ƙarshe, wa ya gyara, an kuma sake rubutawa ko ba a sake ba. A wajen ɗaukar sababbin malamai, ku fara da na Turanci har sai babu mai ɗauke da yara sama da 200.

Ku sauya fasalin bita. A lokacin dogon hutu a tara malamai a ƙananan rukunai a kowace ƙaramar hukuma, su yi rubutu a gyara musu a asirce ba tare da tozarci ko barazanar kora ba. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa tana nan a Kaduna, tsofaffin masu duba takardu irina kuma muna nan birjik muna zaman jiran fansho. Hukumar WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu da ke lissafa raunin ɗalibai a kowane darasi, amma na yi aiki da malamai da yawa da ba su taɓa ganinsa ba. Ku sa a riƙa kai shi kowace makaranta. Gidajen rediyon jihohinku ma za su iya ba da minti goma sha biyar a mako a warware kuskure ɗaya da Hausa, domin iyaye da 'yan kasuwa da ma'aikata su amfana.

Daga ƙarshe, kada wata sanarwa ko takardar jarrabawa ko allon makaranta ya fita daga ƙarƙashin ma'aikatunku sai wani da ya san aikin ya karanta ya sa hannu. Mutum ɗaya a kowane ofishin shiyya ya isa.

Ina da wani tsohon littafi mai baƙin bango da na fara cikawa tun a shekarun farko na aikina. Duk kuskuren da na gani ya maimaitu nakan rubuta shi a hagu, in rubuta Hausar da ta haife shi a dama, in kuma ƙara misalin da na ga ya shiga kan yara. Maganar yaron nan mai zama a bakin ƙofa tana ciki. Littafin ya tsufa, wasu shafukan sun fara rabuwa da zare, amma ana karanta shi. Duk ranar da kuka kafa kwamitin nan, ku sanar a rediyo, zan kawo shi da ƙafata.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin Turanci, a madadin abokan aikinsa da iyayen ɗalibai.